Ɓeran Kejin Ruwa

An ɗauke wuta tun bayan magariba. Muna zaune a tsakar gidan Gwaggo, kan tabarma ɗaya, sauro na ta kuka a kunne. Uwani, 'yata, ta yi barci a cinyata, baki a buɗe. Na zo ne in ɗan huta, amma 'ya'yan Gwaggo ba su san hutu ba. Sadiku da Balaraba. Taubasaina ne, don haka ba sa raga mini.

"Mai ɓeraye," in ji Sadiku, "ba mu labari mana."

Balaraba ta mintsine shi. Ya ce wayyo, sannan ya tuna, ya yi tsit. Saude ce take kirana da wannan sunan. Matata. Tun ranar da aka kawo ta ɗakina har ranar da aka fitar da ita a makara, ba ta taɓa kama sunana ba. Kunya. In tana son magana, "Mai ɓeraye." In ta yi fushi, "Kai, mai ɓeraye." Ita ma Uwani, Saude ba ta taɓa faɗin sunanta na yanka ba. Ga ta 'yar fari, ga shi kuma sunan Innata ne aka mayar.

"Ƙyale shi," na ce wa Balaraba. "Labarin ma na ɓeraye ne. Amma in na fara, ba mai tashi fitsari."

Suka matso har gwiwoyinsu na taɓa nawa. Ga abin da na faɗa musu.

Kun san inda nake aiki. Can bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Gidan bincike ne, ni kuma nawa ɗakin ɓeraye. Ban yi nisa a boko ba, amma ɓera ba ya tambayar takarda. In share keji, in zuba sabuwar dusar katako, in cika kwalaben ruwa. Farare ne tas, idanunsu jajaye kamar ƙananan garwashi. In ka ɗauki ɗaya a tafin hannu, za ka ji zuciyarsa tana kaɗawa a yatsanka, sauri-sauri, kamar ganye a bakin iska. Da dare kuwa ba sa shiru. Ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, har asuba.

Shugabata Dakta Nasiba ce. Mace mai ƙarancin magana, kullum da gajiya a idonta. Bincikenta a kan ɗinya ne.

"Ɗinyar da muke sha?" in ji Sadiku.

"Ita fa."

"Ashe ni likita ne ban sani ba."

"Yi mana shiru, baƙin harshe," in ji Balaraba.

Ana shanya 'ya'yan a inuwa, a daka, a jiƙa, a tace, har su koma wani baƙin ruwa mai kauri. Sai a sa wa ɓeraye ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini, irin tasu ta ɓeraye. Sannan a zuba ido a ga ko ruwan ɗinyar zai tashi garkuwar jikinsu. Dakta ta ce mini a cikin jini akwai sojoji, in cuta ta shigo su ne ke tare ta. Wata rana ta bar ni na leƙa madubinta na duba ƙwayoyin cuta. Ɗigon jini ɗaya, amma gari ne guda. Ga jajayen ƙwayoyi kamar faifai, ga cutar ta lafe a cikinsu kamar zobe, ga sojojin nan manya-manya a tsakani. Na daɗe ban ɗago ba.

Ɓerayen kashi-kashi ne. Wasu a ba su maganin asibiti. Wasu a ba su ruwan ɗinya. Wasu kuwa ruwa kawai, don a ga yadda cutar ke yi in ba a taɓa ta ba. Ni nake ce masa kejin ruwa. Kuma ba mu muke zaɓa ba. Ƙuri'a ake yi. A naɗe 'yan takardu a zuba a hular Baba Maikano, maigadinmu, a girgiza. Dakta ta ce don kada zuciyar mutum ta yi son kai.

Tana da doka ɗaya da take maimaitawa har na haddace. "Hashimu, abin da bai bi ta bakin ɓera ba, ba ya zuwa bakin mutum. Ko wane ne ya ba ka."

A daminar nan Saude ta kwanta. Kun sani, ba sai na ja ba. Ga ciki, ga zazzaɓi. Kowa ya zo dubiya ya zo da nasa jiƙon. Da muka kai ta asibiti, ta shiga, ba ta fito ba. Maganarta ta ƙarshe gare ni, a kan gadon nan mai warin magani, ita ce, "Mai ɓeraye, ga yarinyar nan." Shi ke nan.

Na koma aiki don ban san inda zan sa kaina ba. Inna ta riƙe Uwani. Barci ya bar ni. Abinci ya zama kamar dusa a bakina. Sai dai tun daga nan ba na iya kallon kejin ruwa. Gashinsu ya tashi, kunnuwansu su yi fari, su dunƙule a lungu suna rawar ɗari. Ni kuma in miƙa musu ruwa, alhali ga kwalbar magani a kan tebur.

Da ruwa ya kusa ɗaukewa, rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ɗinyar da muka shanya ta yi funfuna. Dakta ta tsaya a kanta, ta dafe kai.

"Sai an samo wata," ta ce. "Kuma daga itaciyar farko. In an canja itaciya, aikin duk ya tashi a banza."

Itaciyar tana can ƙasan fadama, bayan wani kufai. Baba Maikano ne ya kai mu karon farko. Na tuna yadda ya yi. Ya tsaya nesa ya yi sallama da ƙarfi, kamar mai shiga gidan surukai. Ya tsinko cikin hannu na farko ya ajiye a gindinta. Dakta ta yi murmushi. Kuma rana na tsaka ya sa muka taho.

Ran nan da zan fita na same shi a bakin ƙofa, ƙafarsa a kumbure, yana shafa mata man zafi.

"Ina zuwa da buhu, ɗan nan?"

"Ɗinya, Baba."

"Kai kaɗai? Bari ƙafata ta saki in raka ka."

"Kafin nan tsuntsaye sun cinye."

Ya dube ni, ya dubi rana. "To ka yi sallama. Ka ajiye musu nasu. Kada magariba ta same ka a can."

Na ce to. Amma hanyar ta maƙabarta take bi. Na ce bari in tsaya in yi wa Saude addu'a. Na zauna. Ciyawa ta fara fitowa a kanta, 'yar siririya, koriya shar. Ina ta kallon ciyawar nan. Da na ɗago, rana ta yi ja.

Da ina da hankali da na koma gida. Amma gajiya tana cinye tsoro. Na ja ƙafa na gangara fadama.

Kufan nan shiru. Bango ya zube, turmi a kife, tukunya a fashe. Na wuce. Ga itaciyar, baƙa ƙirin, ta buɗe rassa kamar tana jira. Ƙasanta duk ɗinya ce da ta zubo ta ruɓe. Ina takawa tana fashewa, takalmina na mannewa. Na miƙa hannu na kama reshe. Ban yi sallama ba. Wallahi ban tuna ba.

Sai aka amsa.

"Wa alaikumus salam."

Balaraba ta kama hannun Sadiku. Bai ture ta ba.

Mace ce, a tsaye a ɗaya gefen gindin. Doguwa. Mayafi ya rufe fuskarta har haɓa. Na ce a raina mai itace ce ta makara. Na gaishe ta. Muryarta ta tsofaffi ce, a dishe.

"Me za ka yi da ɗinya da yawa haka? Maɗi?"

"A'a, Iya. Ɓeraye za a ba."

"Ɓeraye." Ta yi wata 'yar dariya. "Ba su da lafiya?"

"Mu muke sa musu cutar."

"Ku sa musu, ku ba su magani."

"Wasu."

"Sauran fa?"

"Ruwa."

"Su mutu?"

"Su mutu."

Ina tsinka ina zubawa a buhu. Ban san me ya sa nake amsa mata ba. Na daɗe ba wanda ya tambaye ni wani abu in ba ya haƙuri ba.

"Wa ke zaɓa?" ta ce.

"Ƙuri'a. A hula."

"Mu ma haka muke yi."

Hannuna ya tsaya a kan reshe.

"A gidanku ma haka aka yi," ta ce. "Kai aka bari. Ita aka ba ruwa."

Ƙarya take. Rai na Allah ne, ba mai girgiza shi a hula. Na san haka yanzu, kuma a lokacin ma na sani. Amma maganar ta shige ni kamar ƙaya. Kuma muryar ta fara sauyawa. Dishewar ta tafi. Ta yi laushi. Ta fara jan ƙarshen magana irin na mutanen garin su Saude.

Ta zagayo wajena. Ban ɗaga kai ba, don haka ƙafafunta na gani. Ba takalmi. Ƙafafu ne na mutane, yatsu cif, ba kofato ba kamar yadda ake ba ku labari. Sai dai fes suke. Ni nawa sun yi baƙi har idon sawu. Ita kuwa tana taka ɗinyar nan nunanniya, ko ɗaya ba ta fashe ba. Ko motsi ba su yi.

Na so in karanta wani abu. Harshena ya yi nauyi.

"Ka gaji," ta ce. "Kullum kana miƙa ruwa. Ungo."

Ta sa mini wani abu a tafin hannu. Yatsunta ba su taɓa ni ba, ko sun taɓa ban ji ba. Ɗinya ce, guda ɗaya. Fara sol. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Duk wanda ya sha, ya tashi. Ka ba yarinyar."

"Yarinyar lafiyarta lau."



Na saɓi buhu. Ban yi gudu ba. Na bi ta kufai, na haura fadama, ban waiwaya ba. Ba na jin taku a bayana. Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Domin na san ko tana biye ba zan ji ba.

"Me ya sa ba ka jefar ba?" in ji Balaraba, murya ƙasa-ƙasa.

Na yi niyya. Sau da yawa na sa hannu a aljihu. Sai in ji sanyin nan, sai in ce bari in kai gaba tukuna.

Dole in biya ta wurin aiki, don ɗinya in ta kwana a buhu tsami take yi. Baba Maikano yana gyangyaɗi a kan benci, rediyo a ƙirjinsa. Ban tashe shi ba. Na baje ɗinyar a ɗakin shanya, na shiga ɗakin ɓeraye in duba ruwansu. Fanka na juyawa. Ƙwas-ƙwas ko'ina. Raina ya ɗan dawo.

Sai waya ta yi ƙara. Inna.

"Kana ina? Yarinyar nan jikinta kamar wuta. Tun la'asar. Yanzu ta fara jijjiga, idonta na juyewa."

Na zauna a ƙasa.

"Hashimu, kana ji? Mu kai ta asibiti?"

Asibiti. Na ga gadon nan. Na ji warin nan. Na ga yadda aka ja labule.

"Kada ku kai ta," na ce. "Ina da magani. Ga ni nan."

Na kashe waya. Na ciro farar ɗinyar. Ta san za a yi haka, na ce a raina, ta sani tun a gindin itaciya. To wanda ya san cuta kafin ta zo, ai ya san maganinta. Na miƙe na nufi ƙofa. Hannuna na kan mariƙi.

Ba hankali ne ya tsayar da ni ba. Sabo ne. Hannun da ya daɗe yana aiki yana da nasa tunanin. Abin da bai bi ta bakin ɓera ba. Kamar Dakta na tsaye a bayana da gajiyayyun idanunta.

A kejin ruwa saura ɓera ɗaya. Da rana Dakta ta ɗebi jininsa, ta ce ta gama da shi, ba zai kai safe ba. Yana kwance a gefe, numfashi sama-sama. Na ɗauko wuƙa na tsaga ɗinyar. Ba ƙwallo a ciki. Kun taɓa ganin ɗinya ba ƙwallo? Rami ne kawai a tsakiya. Na matse ɗan ruwanta a sirinji, na kama shi ta ƙeya yadda aka koya mini, na ɗiga masa. Na mayar da shi.

Ko ƙiftawar ido ban gama ba, ya miƙe.

Tsaye cak. Gashinsa ya kwanta luf, yana sheƙi. Rawar ɗarin ta tafi. Na ce Allahu akbar, hawaye suka zubo mini, na farko tun ranar jana'iza. Uwani ta tashi, na ce. Uwani ta tashi. Na dunƙule sauran ɗinyar a hannu na juya.

Sai na ji shirun.

Ba ƙwas ko ɗaya. Fanka kawai. Na haska kejin da ke kusa. Ɓerayen duk sun taru a lungu mafi nisa, sun hau kan juna, suna turereniya ba sauti. Keji na gaba ma haka. Na gaba ma haka. Duk ɗakin, kowa ya ja baya daga kejin ruwa.

Na koma na duƙa. Yana tsaye a inda na bar shi. Ɓera ba ya tsayawa haka. Hancinsa kullum yana motsi, gashin bakinsa na rawa. Wannan ba abin da ke motsi a jikinsa. Ya taka zuwa bakin keji, a hankali, yana kallona. Dusar sabuwa ce, da hannuna na zuba da safe, mai laushi. Ko ƙuda ya sauka sai ya bar alama.

Bai bar sawu ba.

Na buɗe na ɗauke shi. Sanyi. Na sa yatsa a ƙirjinsa, inda ganyen nan ke kaɗawa. Na jira. Na sake jira.

Ba komai. Kuma yana kallona.

Daga bayan taga, can wajen tanderun da muke ƙona gawar ɓeraye, aka yi magana. Yanzu ba kama ba ce. Muryar Saude ce sak, har da 'yar shaƙewar da take yi in ta yi kuka.

"Yi sauri mana. Tana wahala."

Ku ji ni da kyau. Duk da abin da ke hannuna, duk da sanyin nan, zuciyata ta tafi wajen tagar. Muryar da na yi ta roƙon in sake ji ko a mafarki. Na ce wataƙila ɓeran ne abin bai karɓa ba. Na ce mutum daban, ɓera daban. Na yi taku ɗaya zuwa ƙofa.

"Hashimu," ta ce. "Hashimu, ka kai mata."

Sannan ta faɗi sunan yarinyar. Na yanka. Sunan Inna, gatsal, kamar mai kiran akuya.

Na tsaya.

Saude ta sha naƙuda a gabana ba ta kama sunana ba. Ta ga mutuwa da idonta ba ta kama ba. Sunan Inna kuwa, ko wata mai irin sunan ta zo gidan, sai ta ce mai sunan Inna. Wannan abin da ke bayan taga ya ari muryarta, ya ari kukanta. Kunyarta ce bai iya ara ba.

Harshena ya saki. Na yi a'uziyya da ƙarfi har makogwarona ya yi zafi. Na jefa ɓeran a keji na danne murfi. Na kira Inna.

"Ku kai ta asibiti. Yanzu. Ku tashi maƙwabci ya ɗauke ku. Kada a ba ta komai a baki, komai, ko wa ya kawo."

"Ba kai ka ce..."

"Inna, don Allah."

Na fito da gudu na faɗa kan Baba Maikano, rediyonsa ya faɗi. Ya dubi fuskata, ya dubi hannuna da ke dunƙule.

"Ba ka yi sallama ba," ya ce.

"An amsa."

"Innalillahi. Me ta ba ka?"

Na buɗe hannu. Ya ja da baya har ya manta da ciwon ƙafa.

"Wuta," ya ce. "Maza."

Tare muka zagaya tanderun, yana ɗingishi yana karatu, ni ina bin bakinsa. Ba kowa a wurin. Akwai sauran garwashi. Na jefa. Ba ta yi hayaƙi ba, ba ta yi ƙauri ba. Garwashin ne ya mutu a inda ta faɗa.

Shi ya ɗauke ni a babur ɗinsa, da kumburarriyar ƙafar. Duk hanya bai ce mini komai ba sai, "Riƙe ni da kyau. Kada ka waiwaya."

Na shiga asibitin nan da na rantse ba zan ƙara shiga ba. Warin yana nan. Labulen yana nan. An sa wa Uwani ruwa, an yi mata allura, daga baya aka ƙara mata jini. Ba ta tashi a ƙiftawar ido ba. Ta sha wuya. Ta yi amai, ta yi kuka, ta rame har idanunta suka faɗa. Ni kuwa ina zaune, yatsana a kan ƙirjinta. Yana kaɗawa. Sauri-sauri, amma yana kaɗawa.

Da ta fara neman koko, na koma wurin aiki. Na faɗa wa Dakta komai. Ban ce ta yarda ba. Ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza ido.

"Kai ba ka barci, Hashimu," ta ce. Sannan ta ce, "Kawo shi."

Yana nan tsaye yadda na bar shi. Abincinsa bai taɓa ba, ruwan kwalba bai ragu ba. Da ƙyar ta sami ɗigo a wutsiyarsa. Ta shafa a gilashi, ta rina, ta duƙa a kan madubi. Ta daɗe. Sannan ta ja kujera baya.

"Zo ka gani."

Na leƙa. Ba zobe ko ɗaya, cutar ta tafi. Amma sojojin ma ba ko ɗaya. Jajayen ƙwayoyin sun yi fayau, kamar tukwanen da aka kife. Ba yaƙi aka ci ba. Garin ne aka tashi.

"Kufai," na ce.

Ta ce in kai kejin ɗakin ajiya in kulle, za ta sake dubawa da safe. Da safe murfin yana danne, kwaɗon ƙofa yana rufe. Kejin ba kowa. Dusar a shimfiɗe lumui, kamar ba a taɓa taka ta ba.

"Ita baƙar ɗinyar fa?" in ji Sadiku. Muryarsa ta ƙanƙance. "Ta yi magani?"

An ƙarasa aikin. Waɗanda suka sha ta sun fi na kejin ruwa daɗewa, sojojinsu sun ɗan ƙaru. Amma cutar ba ta bar su ba. Dakta ta ce hanya ce mai tsawo, kada in kuskura in ce wa kowa an sami magani. Ta sake sayo ɓeraye. Aka sake girgiza hula. Har yau ni nake miƙa ruwan. Ban saba ba, kuma ba na jin zan saba.

Can waje wani kare ya yi haushi ya daina. Balaraba ta miƙo hannu a hankali ta ɗora a ƙirjin Uwani. Ta bar shi a nan. Ban hana ta ba.

"Yaya Hashimu," ta ce, "ka ƙara jin muryar?"

"Wani lokaci. In na makara a wurin aiki."

"Me take cewa?"

"Sunana."

"Kana amsawa?"

"A'a."

Abin da ban faɗa musu ba shi ne nakan tsaya in saurara. Ba don in je ba. Ina jira ne ko wata rana za a ce mai ɓeraye. In aka ce haka, ban san me zan yi ba. Shi ya sa yanzu ba na barin wurin sai tare da Baba Maikano.

"Ku tashi ku kwanta," na ce musu. "Ku shiga gidan sauro. Kuma kai Sadiku, na san ku kan je fadama ɗibar ɗinya. Ku je da rana, ku je da yawa, ku yi sallama. Kada ɗayanku ya bi hanyar kufan nan shi kaɗai. In an miƙo muku abu a gindin itaciya, ku sa hannu a baya."

Sadiku ya miƙe, ya yi taku biyu zuwa bayan gida, ya tsaya. Ya dawo.

"Balaraba," ya ce, "zo ki riƙe mini fitila."